Ranar da Na Gode wa Hajiya da Turanci

Akwai wata Asabar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma ko da na so in manta, abokan aikina ba su da niyyar bari.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi da ke Nassarawa GRA. A lokacin shekara tara ke nan kullum ina tasowa a kan babur daga gidana da ke Tudun Murtala, in kutsa cikin cunkoson 'yan adaidaita sahu, sai na shiga inuwar dalbejiyoyin GRA sannan in samu in numfasa. Lissafi dai na iya shi, wannan ba yabon kai ba ne. Matsalata ita ce ban tsaya a kan abin da na iya ba. Tun ina sakandare na sa wa raina cewa ni gwanin Turanci ne, kuma ban taɓa samun wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya ba. A ɗakin malamai ni ne mai gyara wa mutane magana. Mutum zai buɗe baki yana ba da labarin yadda ɗansa ya kwana da zazzaɓi, ni kuma ina jiran ya gama in gaya masa kalmar da ya faɗa ba daidai ba. (Allah ya yafe mini. Waɗanda na yi wa haka kuwa sun riga sun rama, za ku ji yadda aka yi.)

Kalmar da ta kayar da ni ba wata baƙuwa ba ce. Advantage ce. Kowa a Kano ya san ta. Mai sayar da waya zai ce maka wannan tana da advantage, batirinta yana kwana biyu. Dillalin gida zai ce maka advantage ɗin unguwar shi ne akwai ruwa. Yara ma tun suna firamare ake ce musu su kawo advantages da disadvantages na zaman birni. Saboda haka ni a kaina lissafin ya fita sarai: advantage shi ne amfani, take advantage kuma shi ne amfana. Ban taɓa tunanin akwai wani abu a bayan wannan ba.

Shugabar makarantarmu a lokacin ita ce Hajiya Rabi. Ita ta ɗauke ni aiki, ita ta koya mini yadda ake magana da iyayen yara ba tare da an yi faɗa ba. Da na shiga karatun digiri na biyu, ta lura kullum ina zuwa da ido jajur, ta tambaye ni dalili. Na ce mata gidana ɗaki biyu ne, yara uku, wuta kuma sai an ga dama. Bayan kwana biyu ta kira ni ofis ta miƙo mini mukulli. Ashe ta yi wa maigidanta magana, Alhaji Garba, tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Yana da ɗakin karatu a farkon gidansu, kusa da ƙofar shiga, cike da littattafai, ga tebur, ga wutar sola. A lokacin zai tafi Abuja aikin wani kwamiti na wata uku, sai ya ce a ba ni mukullin in riƙa zuwa. Duk Asabar da hantsi ina can har la'asar, kuma ba a taɓa fashin aiko mini da abincin rana daga cikin gida ba. A wannan ɗakin na rubuta kundin digirina daga farko har ƙarshe.

To, da lokacin ritayar Hajiya ya zo, makaranta ta shirya mata walimar ban kwana, aka ce ni zan yi jawabin godiya a madadin malamai. Na ji daɗi ƙwarai, amma ba don Hajiya kaɗai ba, gara in faɗi gaskiya. Mataimakinta ne zai gaje ta, kujerarsa kuma za ta zama babu kowa. Mu biyu ake ambata: ni da Malama Ladi, malamar Turanci, 'yar Wusasa ta Zariya, wadda ta girme ni a shekaru da kuma aiki. Na ji ƙishin-ƙishin cewa 'yan hukumar makarantar za su zo walimar, kuma suna son wanda zai iya tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Nan take na yanke shawarar cewa da Turanci zan yi jawabina. Duk wanda zai zo wurin yana jin Hausa, har da Malama Ladi da ta fi ni iya ta. Amma ni so nake 'yan hukumar su koma gida suna tambayar juna inda aka ɓoye wannan bawan Allah tsawon shekara tara.

Ana saura kwana biyu, Malama Ladi ta same ni a ɗakin malamai ina ta rubutu ina gogewa.

"Malam, jawabin ne?" ta ce. "Kawo in duba maka. Minti biyar ya isa."

Na kife takardar a kan tebur. A raina na ce, wato so kike ki ga makamina tun kafin ranar. A fili kuma na yi murmushi na ce, "Haba Malama, 'yar godiya ce fa, ba jarrabawa ba."

"To shi ke nan," ta ce. "In ka canza shawara ina nan har ƙarfe biyu."

Ban canza ba. Matata Maryam ma, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ta fi ni karance-karance, ban nuna mata ba. Sai ta tafi aiki nake tsayawa gaban madubi ina gwadawa, ina ɗaga hannu a inda ya kamata, ina jinjina wa kaina.

Ranar walima aka kafa rumfuna a filin makaranta bayan la'asar. Malamai mata sun yi anko, iyayen yara sun cika kujeru, ga soyayyiyar shinkafa da dambun nama da zoɓo an jera a gefe. A sahun gaba Hajiya ce a zaune, Alhaji Garba yana damanta cikin farar babbar riga, ya dogara da sandarsa. 'Yan hukumar makaranta suna hagunta. Ni kuma na sha sabuwar shadda ruwan toka wadda tela ya gama mini a safiyar ranar. Maryam tana bakin aiki, ba ta samu zuwa ba, kuma wannan na cikin rahamomin da Allah ya yi mini a ranar.

Mai gabatarwa ya kira ni, na karɓi makirfo. Farkon jawabin ya tafi lafiya lau. Na gai da manya ɗaya bayan ɗaya, na kawo tarihin Hajiya, na ga shugaban hukumar yana gyaɗa kai. Sai na iso wurin da na fi alfahari da shi a duk takardar. Na ɗan tsaya, na kalli Hajiya, na ce da murya mai nauyi:

"For nine years, I have been taking advantage of Hajiya."

Abin da nake nufi shi ne shekara tara ina amfana da Hajiya. (Mai karatun da ya san Turanci na san ya riga ya dafe kai. Wanda bai sani ba ya ɗan yi haƙuri, ni ma a lokacin ban sani ba, za mu gane tare.)

Wani ya yi tari a sahun baya. Malama Ladi, da take zuba wa baƙi zoɓo, ta tsaya cak da jug a hannu. Na ɗauka kalmar ce ta burge ta. Na ci gaba:

"All of us have taken advantage of her, but nobody took advantage of her more than me."

Wato dukkanmu mun amfana da ita, amma babu wanda ya kai ni. A nan ne na fara jin wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa daga wajen matasan malamai. Ban saka abin dariya a wurin ba, amma na ce a raina, ashe har ban dariya na iya ban sani ba. Sai na ji ƙarfi ya zo mini. Na naɗe takardar na sa a aljihu, don in nuna wa 'yan hukuma cewa ni ba sai da rubutu ba, na juya wajen maigidanta:

"Even when Alhaji travelled to Abuja, I went to the house every Saturday and took advantage of her."

Wato ko da Alhaji ya tafi Abuja, duk Asabar ina gidan ina amfana da ita. Sannan na ɗan rusuna na ce, "Alhaji, thank you for allowing me." Na gode masa ke nan da ya ba ni izini.

Ban taɓa jin fili mai mutum sama da ɗari ya yi irin wannan shirun ba. Har ƙarar janareton gidan da ke maƙwabtaka da mu ina ji. Alhaji Garba ya cire tabaransa a hankali, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya ƙura mini ido. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Na ce Allah sarki, jawabina ya sa ta kuka. Shugaban hukumar ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Wasu tsofaffin mata 'yan'uwan Hajiya, waɗanda ba sa jin Turanci, su ne kaɗai suka tafa mini, ɗaya ma ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Daga can gefe na hango Malama Ladi tana yi mini alama da hannu in tsaya. Na ɗauka cewa take lokaci ya ƙure, ko kuma, a mugun zatona, ta ga ina neman cinye kujerar. Mai gabatarwa ya matso yana miƙo hannu zai karɓi makirfo, na kauce masa, domin saura shawarar da na tanadar wa ƙananan malamai. Na ce musu Hajiya ta yi ritaya amma gidanta yana nan kusa, ƙofarta a buɗe take, na rufe da cewa, "Go and take advantage of her before it is too late."

Wani matashin malamin kimiyya ya tashi da gudu ya zagaya bayan ajujuwa. Daga inda nake ina jiyo dariyarsa.

Na sauko ina jin kaina a sama. Ina cikin zuba shinkafa a faranti Malama Ladi ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce a hankali, "Malam, ajiye farantin nan ka zo." Ta ja ni har wajen tankin ruwa, inda babu kowa.

"Me kake nufi da take advantage?"

"Amfana mana," na ce. Har da ɗan murmushin mai shirin koyar da malamar Turanci.

"In dama ce, haka ne," ta ce. "Ka ce ka yi take advantage of hutu ka gyara rufin gidanka, babu laifi. Amma in ka ɗora ta a kan mutum, ma'anar ta juya. Ya zama ka ga lagonsa ka cuce shi, ka yi amfani da kirkinsa ko rauninsa don biyan buƙatarka."

Na ce, "To ai Hajiya ta san ba cutarta na yi ba."

Malama Ladi ta kalli ƙasa, ta kalli tankin, sannan ta dawo kaina. "Wannan mai sauƙin ke nan. In namiji ne ya faɗe ta a kan mace, kuma ya ƙara da cewa mijinta ya yi tafiya..." Ba ta ƙarasa ba. Ba ta buƙatar ƙarasawa.

Jimlolin nan suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowacce da sabuwar fassararta. Duk Asabar. Babu wanda ya kai ni. Godiyar da na yi wa Alhaji. Gayyar da na yi wa matasa.

"Malama, mutum nawa ne suka gane?"

"Duk wanda bai tafa ba," ta ce.

Ban koma rumfa ba. Na lallaɓa ta ƙaramar ƙofa, na tura babur ɗina da hannu har bakin titi kafin in tayar, don kada ƙararsa ta sa wani ya waiwayo. Sabuwar shaddar nan ta jiƙe sharkaf da gumi kafin in isa Tudun Murtala.

Kafin magariba Maryam ta dawo daga aiki da waya a hannu. Wata abokiyar aikinta mai ɗa a makarantarmu ta turo mata bidiyon, domin tuni ya shiga guruf ɗin iyayen yara. Ta zauna a bakin gado, ta kalle ni babu alamar wasa, ta ce, "Baban Hanifa, ashe karatun da kake zuwa yi GRA ke nan?"

Na buɗe baki zan fara rantsuwa, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta daɗe tana yi. Da ta tsagaita, ta goge ido, muryarta ta canza.

"Ni na san ka, na san Hajiya. Amma bidiyo ba ya tafiya da bayani. Kai kunya kawai ka ji. Ita kuwa mace ce mai jikoki, a ranar da aka taru don a girmama ta. Gobe da safe za mu je, ni da kai."

Sai a lokacin na gane cewa tun daga wajen tankin ruwa kaina kawai nake tausayawa.

Washegari da hantsi muka isa gidan. Alhaji Garba yana zaune a baranda yana karanta jarida. Maryam ta gaishe shi ta wuce ciki. Ni kuma na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a gabansa, na sunkuyar da kai. Ya ƙarasa layin da yake karantawa. Sannan ya sauke jaridar, ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Malam," ya ce, "yau Lahadi ce fa. Kuma ina gari."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Shi kuwa ya yi dariya har sai da ya yi tari, ya nuna mini kujera. Na ƙi zama a kai, na zauna a ƙasa.

Hajiya ta fito tare da Maryam. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Na fara ba da haƙuri, kalmomi suna ta karo da juna a bakina, ta ɗaga hannu.

"Tun jimlar farko na san abin da kake nufi," ta ce. "Da na rufe fuska dariya ce ta kama ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma da safen nan ƙanwata ta kira ni daga Kaduna tana tambaya wane ne wannan mara kunyar. Surukina ma ya gani. Ba daɗi, Malam."

"Hajiya, ki yafe mini."

"Me ya hana ka yi da Hausa?"

Na faɗa mata gaskiya, cewa 'yan hukuma nake so in burge.

"Ladi ta ce mini ta nemi ta duba maka."

"Haka ne, Hajiya."

"Ka hana ta."

"Haka ne."

"To wannan ne ya ɓata mini rai, ba Turancin ba. Kowa yana kuskure a harshen da ba nasa ba. Amma shekara tara ina nuna muku cewa malami ba ya jin kunyar tambaya, ashe kai ba ka ɗauka ba."

Alhaji ya gyara zama ya ce, "To yanzu dai ga ta ga ka. Jiya ba ta samu godiyarta ba. Faɗa mata abin da ka so faɗa, da harshen da aka yi maka raɗa ranar suna."

Ban shirya komai ba. Na ce mata lokacin da na zo neman aiki ba ni da kowa a garin nan da zai yi mini magana, ta ɗauke ni. Na ce lokacin da mahaifina ya rasu ita ta shiga ajina ta koyar da lissafi na mako guda, alhali ba fanninta ba ne, don kada a ce na yi fashi. Na ce digirin da nake taƙama da shi a kan teburin Alhaji aka rubuta shi, da tuwon gidanta a cikina. Na ce na amfana da ita, iyalina sun amfana da ita, Allah ya saka mata da Aljanna. Duka bai fi minti biyu ba. Hajiya ta sa bakin mayafi ta share ido, wannan karon kuma ba dariya ba ce.

"Amin," ta ce. "Ka ga da haka ka yi jiya, da kowa ya ci shinkafarsa lafiya."

Ranar Litinin na rubuta bayani da ban haƙuri zuwa guruf ɗin iyaye, da Hausa da Turanci. Na Turancin sai da na kai wa Malama Ladi. Layi shida ne, ta samu gyara huɗu, ba ta kuma ce mini komai ba ban da, "Yanzu ya yi." Bayan sati biyu aka sanar da cewa ita ce sabuwar mataimakiyar shugaba. Na je ofishinta na yi mata murna, kuma har zuciyata na yi, domin duk wanda ya ga abin da ya faru ya san hukumar ba ta sha wahalar zaɓe ba.

Ni kuma na samu nawa muƙamin. Har yau a ɗakin malamai Malam Advantage ake kirana. Waɗanda na daɗe ina gyara wa Turanci su suka fi kowa nacin sunan, sukan ma taso daga kujerarsu takanas su zo su tambaye ni ko akwai wanda nake shirin gode wa a wannan makon, don su nemi wurin zama da wuri. Sababbin ɗalibai da ba su san tarihin ba sun ɗauka wani laƙabin girmamawa ne, wata uwa ma ta taɓa rubuta shi a jikin ambulan.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na koye shi da kyau. Idan kana magana a gaban jama'a, ka ji an yi dariya a inda ba ka ajiye abin dariya ba, kada ka ɗauka baiwa ce ta sauko maka. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Ka ce na gode, da Hausa, ka nemi kujera ka zauna.